Turancin da Muka Koya a Bayan Shanu

Shekarun baya can, lokacin ina saurayi mai ƙaramin gemu da babban buri, Turanci ya kayar da ni har sau biyu a jarrabawar fita sakandare. Lissafi na haye, kimiyya na haye, Turanci ne kaɗai ya tokare ni. Kuma duk wanda ya taɓa neman makarantar gaba ya sani, in ba ka da kiredit a Turanci to sauran takardar taka ta naɗe ƙosai ce. Ni kuwa makarantar koyon aikin lafiya nake so, har na gama hango kaina cikin farar riga.

Ku da kuke ganin ina jefa Turanci nan da can a shafin nan, kada ku ɗauka da shi aka haife ni. Ni ɗan ƙauye ne, ƙauyenmu yana can bayan Kucheri a ƙasar Tsafe, kuma hanyar karatu ɗaya tal na sani, ita ce hadda. Da ita na yi karatun allo, ita na ɗauko na ɗora wa Turanci. Na samo wani tsohon ƙamus da murfinsa ya fita, na fara daga harafin farko, ina bita ina rangaji kamar mai tilawa. Mahaifiyata, Allah ya saka mata, har korar yara take yi daga tsakar gida wai kada su ɓata mini karatu. Na kai harafi na huɗu kafin jarrabawa ta zo. Da aka raba takarda sai ga labari an yi masa giɓi-giɓi, kowane giɓi an jera masa kalmomi a ce ka zaɓi wadda ta dace. Duk na san su. Duk kuma a Hausa ma'anarsu ɗaya. Haka na zauna ina kallonsu suna kallona har aka ce a ajiye biro.

Ba ni kaɗai na faɗi ba. Akwai abokina, ɗan rugar da ke yamma da ƙauyenmu, wanda muka yi sakandare tare a Tsafe, keke ɗaya muke hawa, yau ya tuƙa gobe in tuƙa. A rugarsu kaf shi kaɗai mahaifinsa ya bari ya yi boko. Burinsa ya zama likitan dabbobi, don ya gaji da ganin shanunsu na mutuwa da cutar da allura ɗaya za ta kawar. Ya fi ni kai nesa ba kusa ba, wannan ban taɓa musu ba, sai dai shi ma Turancin ne ya riƙe shi. Ni in na sake faɗi, gonar Baba na nan, kuma gona ba ta tafiya ko'ina, wata shekarar zan iya lallaɓawa in sake gwadawa. Shi kuwa mahaifin nasa, da suke kira Baffa, ya gaya masa a fili: shekara ɗaya ya ƙara masa. In bai ci ba zai karɓi sanda ya bi shanu, maganar boko ta ƙare har abada.

Muka tafi Gusau muka yi rajistar jarrabawar masu gyara, shi gaba ni baya, har lambobinmu suka fito a jere. A nan aka nuna mana wani dattijo, tsohon malamin Turanci da ya yi ritaya yana koyar da irinmu a zauren gidansa. Da muka gaisa na fara yi masa burga, na ce na haddace ƙamus har harafi na huɗu. Ya dube ni ta saman tabarau, ya tambaye ni da Turanci me na karya da shi da safe. Koko da ƙosai na sha, wallahi na sani, amma bakina ya ƙi buɗewa.

Ya yi dariya har da tari, sannan ya ce, “Ɗana, kalma ba gero ba ce da za ka zuba a rumbu. A cikin magana take zama. Ku koma gida, duk abin da hannunku yake yi, bakinku ya faɗe shi da Turanci. Jimla cikakkiya nake so. Me ya faru jiya, me ake yi yau, me za a yi gobe. Ɗaya ya faɗa, ɗaya ya gyara.” Ya ba mu tsofaffin takardun jarrabawa, ya sallame mu.

Faɗar ta fi yin sauƙi. A ƙauyenmu ka buɗe baki ka yi Turanci gaban manya, ka gama jawo wa kanka suna. Iyayi ke nan, ko ma rashin kunya, sai a ce kana zagin mutane ne da yaren da ba su ji. A rugar su abokina abin ya fi haka tsanani. Don haka muka mayar da ajinmu daji. Damina ce, in na tashi noma da azahar sai in wanke ƙafa in same shi a fadama yana bayan shanu. Muka kafa doka: duk wanda Hausa ta kuɓuce masa, shi zai bi saniyar da ta ɓalle. Ranakun farko na sha gudu har sai da na rame.

“Kaɗo,” haka yake ce mini, “kai da ka haɗiye ƙamus, saniyar can mi takai?”

Sai in ce da Turanci tana cin ciyawa. Ya ce to jiya fa? In sake. Gobe fa? In sake. In da ba a yi ruwa ba fa, da me za ta ci? A nan nake tuntuɓe, ya kwashe da dariya har ya riƙe ciki, ni kuma in ce masa ɗan Fillo, Allah ya kai mu ranar da za ka zo gona, zan rama. Muna da wani littafin aikin gona na makaranta, daga ciki muka tsinci sunan komai na jikin saniya, daga kofato zuwa hantsa, da kaska, da cutar baki da ƙafa, da yaye maraƙi, da yadda ake faɗin garke ya tafi kiwo ya dawo. Ba haddacewa muka yi ba. Maraƙi ne a gabanmu ana raba shi da uwarsa yana kuka, mu kuma muna ba da labarinsa. Innarsa kan aiko mana da fura da nono a ƙwarya, mu sha mu ci gaba. Kafin gero ya fitar da kai na wayi gari ina mafarki da Turanci. A rayuwata ban taɓa jin daɗin karatu kamar na wannan daminar ba.

Sai abin nan da muke ji daga nesa ya iso mu. Kun san shi, ba sai na yi dogon bayani ba. Aka kwashe shanu ta wajen 'Yankuzo, aka tare mutane a hanya, aka fara kwana da takalmi a ƙafa. Manyan ƙauyenmu suka zauna suka yanke cewa daga ranar ba ɗan ruga da zai sake shigowa gari, ba ɗan gari da zai sake zuwa ruga. Su ma mutanen rugar 'yan bindigar nan sun kwashe musu shanu, har sun kashe musu mutum, amma a lokacin wa ke sauraron wannan? Tsoro ya riga ya shiga, kowa kallon kowa yake yi.

Jarrabawa kuwa na matsowa. Muka ce to, tunda ƙafa ba ta zuwa, waya ta je. A ƙauyenmu sabis ba ya kamawa sai a kan wani dutse da ke bakin gari. Kullum bayan la'asar sai in hau, in kira shi, mu ɗora daga inda muka tsaya. Kuma yadda dattijon nan ya koya mana haka muke yi, ba ragi. Me ya faru jiya, me ake yi yau, me za a yi gobe. In ce masa jiya Baba ya je Kucheri ta'aziyya. In ce gobe kasuwar Tsafe, maƙwabcinmu Alhaji zai kai buhunan waken suya. Shi kuma ya ce mini yau sun kai shanu gabas da rafi, gobe za su koma arewa. Ni damuwata ɗaya a lokacin, kada in sa kalmar jiya a maganar gobe ya yi mini dariya.

Ban taɓa tunanin yadda abin yake a kunnen mai wucewa ba. Mata masu ɗibar itace, da samari masu dawowa daga gona, kullum suna ganin ɗan gidan wane a kan dutse, waya a kunne, yana yaren da ba wanda ke ji. Kuma cikin yaren nan suna tsintar abin da suka sani: Kucheri, Tsafe, Alhaji. Sun kuma san da wa nake magana.

Wata ranar kasuwa aka tare motar 'yan ƙauyenmu a hanyar dawowa, aka shiga daji da mutum uku, har da maƙwabcin namu. Washegari da hantsi ina gyaran fartanya samarin da ke sintiri suka shigo har tsakar gida. Ba su buge ni ba. Ɗaya ya riƙe mini hannu, ya karɓe wayata, ya ce mai gari na kira. Mun yi wasan langa da shi muna yara, amma ko fuskata bai kalla ba.

Ƙofar gidan mai gari ta cika. Ƙanen Alhajin da aka ɗauke yana tsaye, idonsa jawur, bai yi barci ba. Shi ya fara magana.

“Mi kaka hwaɗa ma yaron ruga kullum bisa dutse?”

Na ce karatu ne, Turanci muke koyo saboda jarrabawa.

“Shekaranjiya an ji ka ambaci sunan yayana. An ji ka ce Tsahe. Ƙarya ta?”

Na ce ba ƙarya ba ce. Na ce jimla nake haɗawa. Ina faɗa ina jin yadda maganar ke fita ba nauyi.

Wani dattijo daga kan tabarma ya ce, “To in karatu na, kuma ba ku da abin ɓoyo, don mi ba ku yi nai da Hausa kowa shi ji?”

Ku gaya mini, wace amsa zan ba shi? Na ce Baba, ai Turancin ne ake koyo, ba ya yiwuwa da Hausa. Wasu suka yi tsaki. Malamin firamare ɗaya da muke da shi, wanda da zai iya tambayata ya gaya musu gaskiya nake faɗa, tuni ya kwashe iyalinsa ya koma Gusau. A duk taron nan babu mai jin Turanci sai ni, wanda ake tuhuma. Na ji wani a baya yana cewa a kai ni bayan gari a tambaye ni da kyau. Na san abin da hakan ke nufi, kowa ma ya sani.

Mahaifina ne ya miƙe. Mutum ne marar magana, ban taɓa jin ya ɗaga murya a taro ba, ran nan ma bai ɗaga ba. Ya karɓi wayar daga hannun mai sintirin, ya ɗora ta a kan dutsen da ake wasa wuƙa, ya sa ƙotar gatari ya farfasa ta. Ya ce a kawo Alƙur'ani, ya yi alwala, ya dafa, ya rantse ɗansa ba ya cin amanar gari. Sannan ya ce wa mai gari, “Ranka shi daɗe, yau ɗin nan zai bar garin ga. In kun sake ganinai bisa dutse, ni za ku kama.” Mai gari ya ce a tafi a haka.

Ban yi fushi da mutanen nan ba, har yau. An ɗauke musu 'yan'uwa, kuma abin da suka gani da idonsu sun gani. Kafin azahar ina cikin mota zuwa Gusau wurin gwaggona, da kayana a buhu. Mahaifiyata ta cusa mini ƙamus ɗin nan a cikin kayan, don a saninta shi ne karatun.

Ina sauka na ari wayar ɗan gwaggona. Ni da na haddace ƙamus, lambar abokina ce za ta gagare ni? Na kira, a kashe. Na kira da yamma, a kashe. Washegari haka, mako ya zagayo haka. Na je tashar motocin Tsafe a nan Gusau ina tambayar direbobi, ba wanda ya san komai, wasu ma da jin na ambaci ruga sai su juya baya. Na riƙa gaya wa kaina ai ya san rana, ya san wuri, zai zo. Na ci gaba da yin Turancin ni kaɗai a bayan gidan gwaggo, ina faɗa ina gyara wa kaina, awakinta na kallona.

Ranar jarrabawa na riga kowa zuwa. Na tsaya a bakin ƙofa ina duban duk mai shigowa har mai gadi ya kore ni ciki. Kujerar da ke gabana, da lambarsa rubuce da alli, ba kowa. Aka raba takarda. Mai sa ido ya zo ya kira lambar sau biyu, ya dube ni ya ce ko na san mai ita. Na ce yana hanya. Ya yi alama a takardarsa ya wuce.

Na buɗe shafin da ake cike giɓi, wanda ya kayar da ni sau biyu. Labarin kiwon shanu ne. Wallahi tallahi. Garke, da makiyaya, da kaska, da tatsa, da yaye maraƙi. Ba kalma ɗaya a ciki da ban ji ta daga bakinsa ba a fadama. Ban ma tsaya tunani ba, hannuna ne kawai ke tafiya, muryarsa na ce mini Kaɗo, jiya fa? Ina cikewa hawaye na ɗiga a kan takardar, ina sharewa da hannun riga kada ta ɓaci. Wanda ke gefena ya ɗauka wuya ce ta sa ni kuka, har ya yi mini alamar in yi haƙuri.

Na ci. Kiredit mai kyau ma. Da labari ya kai gida mahaifiyata ta yi guɗa, Baba ya yanka zakara. Ni kuwa da na karɓi takardar sai na ninke ta na cusa a aljihu. A lokacin na riga na ji cewa rugar ta tashi tun makon da na bar gari, ba abin da ya rage sai duwatsun murhu.

Shekaru suka wuce, na gama makaranta, na sa farar rigar. Wata rana aka tura mu aikin rigakafi ƙasar Bungudu, muka yada zango a Nahuce, ranar kuwa kasuwa ke ci. Na zaga wajen masu dabbobi ina neman ruwan sha sai na hango tsayuwarsa. Ƙafa ɗaya a kan gwiwa, sanda a kafaɗa. Ya bushe, ya yi baƙi, gemunsa har da furfura, mu da muke sa'a. Farin ciki ya sa na manta inda nake, na ƙwala masa gaisuwa da Turanci, irin wadda muke yi in na iso fadama.

Ya juyo a firgice. Ya gane ni, na ga ya gane ni, amma abin da ya fara yi shi ne duba hagu da dama. Ya damƙe mini hannu da ƙarfi ya ce a hankali, “Kada ka yi min yaren ga nan.”

Muka koma bayan wata rumfa. Sai da ya juyo mini da kunnensa na dama, don na hagun ya daina ji. A nan ya ba ni labari. Su ma a rugar an daɗe ana kallonsa yana waya da ɗan gari cikin yaren da ba a ji, ana tsintar sunan rafi da wuraren da suke kai shanu. Da aka ƙona wata ruga kusa da su, aka ce shi ke kai rahoto. 'Yan'uwansa na jini suka ɗaure shi a jikin itace, a nan ne kunnen ya daina ji. Baffansa ne ya ƙwace shi da kyar, aka jefa wayar a rijiya, suka tashi da asuba suka yi kudu. A hanya Baffan ya miƙa masa sanda. Bai yi gardama ba.

Can ya ce, “Ka rubuta?”

Na ce na rubuta.

“Mi anka tambaya?”

Na so in yi masa ƙarya, wallahi na so. Amma na gaya masa. Na ce shanu ne, daga farko har ƙarshe. Ya yi wata 'yar dariya ta hanci, ya sunkuyar da kai yana zana ƙasa da sandarsa.

“Ka ci ke nan.”

Na ce na ci.

“To alhamdu lillahi. Ɗayanmu ya ci.”

Na ce ya ba ni lambarsa, ya ce tun ran nan bai sake riƙe waya ba, kuma ba zai riƙe ba. Na ce ana iya sake rajista, ban ma san me nake faɗa ba. Ya nuna mini shanun da haɓa, ya ce 'ya'yansa huɗu, Baffa ya rasu. Ya ce in yana can daji shi kaɗai wani lokaci yakan yi wa shanun Turancin, amma kalmomin sai guduwa suke yi, ba mai mayar masa da su. Har ya juya zai tafi sai ya dawo ya ce akwai kalma ɗaya da ta daɗe tana damunsa, ta raba maraƙi da nono, ya neme ta ya rasa. Na matsa kusa da kunnensa mai ji na faɗa masa. Ya maimaita sau biyu, leɓensa kawai ke motsi, ya koma wurin shanunsa. Ban sake ganinsa ba.

Yara masu shirin jarrabawa kan turo mini saƙo suna tambayar sirrin Turanci. Abin da dattijon nan ya gaya mana shi nake gaya musu: ku bar hadda, ku sami aboki, ku faɗi abin da hannunku ke yi, jiya da yau da gobe. Hanyar tana aiki, ni shaida ne. Sai dai ba na iya faɗar ta da daɗin rai, don na san mu biyu muka bi ta, kuma wanda ya fi iyawa yana can bayan shanu da kunne ɗaya. Ba mu yi wa kowa laifi ba, karatu kawai muka yi. Na daɗe ina neman darasin da zan ce na koya daga wannan, ban samu ba.

Har yau in wani ya ce mini, kai Malam, a ina ka koyi Turanci haka, sai in ce a makaranta. Ya fi sauƙin faɗa.